Likita Na Amsa: Wankin Jijiyar Haƙoran Nono

Tambaya daga wata uwa a Zariya: Likita, ɗana mai shekara 5 turmin haƙorinsa ya yi kogo, ba ya barci don ciwo. An ce a wanke masa jijiya. Tunda zai yi famfara, me zai hana a cire kawai?

Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya. Haƙoran gaba ne ke fara faɗuwa a wajen shekara 6, amma turame sai tsakanin 10 zuwa 12. Kin ga da sauran tafiya. Wannan turmin shi ke riƙe wa na dindindin gurbinsa. Idan aka cire da wuri, na baya sai ya matso ya cinye wurin, sabon ya fito a karkace. Barinsa a ruɓe kuma ba mafita ba ce, domin mugunyar da ke taruwa a gindinsa tana iya ɓata haƙorin da ke kwance a ƙarƙashi. In hoto ya nuna saiwar da sauran ƙarfinta, ni dai shawarata a gyara.

Wani mahaifi daga Maraɗi: Yaya ake aikin? Irin na manya ne?

Malam, da bambanci. Bayan allurar kashe zafi, ana shimfiɗa wata 'yar roba a bakin, haƙorin kaɗai ke leƙowa, don kada yawu ya shiga ko yaro ya haɗiye wani abu. Idan ruɓar ba ta wuce saman jijiya ba, saman kawai ake kwashewa, a ɗora magani irin su MTA (wani simintin haƙori na musamman), a bar ta cikin saiwa da ranta. Idan jijiyar ta mutu, sai a kwashe duka da wasu siraran ƙarafa masu kama da allura, na hannu ko na inji, a wanke ramin tas. Likita na taka-tsantsan a nan, saboda saiwar haƙorin yaro siririya ce, a lanƙwashe, ga sabon haƙori dab da ita. Cikon ma daban ne. Na manya ba ya narkewa. Na yara kuwa wani kwaɓi ne mai narkewa tare da saiwar idan lokacin famfara ya zo. Daga ƙarshe a kifa masa hular ƙarfe, wadda za ta faɗi tare da haƙorin.

Wata kaka daga Gusau: Jikata kuncinta ya kumbura, muna sa mata kanumfari.

Inna, don Allah a kai ta asibiti yau, musamman in akwai zazzaɓi ko kumburin ya doshi ido ko wuya. Kanumfari na ɗan lafar da zafi ne, ba ya fitar da mugunya. Kada a sa mata garin taba ko asfirin a dasashi. A ba ta farasitamol na yara gwargwadon nauyinta kafin ku isa.