Hukuncin ziyarar kufan mutanen da, da cin abincin ƙauye a ƙasar waje

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maraɗi. Bara na kai mahaifiyata asibiti a Alƙahira, da ta samu sauƙi sai na je na ga dalolin Giza, daga baya na gangara Luksor na shiga tsofaffin gine-ginen Fir'aunoni. A wani ƙauye da ke kusa da can wani manomi Kirista ya gayyace ni gidansa, na ci gurasa da wake da miyar lalo da gasasshiyar tantabara. Da na dawo ina ba da labari a majalisa, sai wani abokina ya ce na shiga gidan azaba kuma na ci haram, sai na tuba. Ga shi ina da niyyar Umra bana, ina so in biya ta Mada'in Salih. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya, kai kuma Ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da ka yi da ita.

Asalin tafiya domin ganin abin da al'ummomin farko suka bari halal ne, kuma idan niyyar ɗaukar izina ta shiga ciki sai ta zama abin so, domin Allah Maɗaukakin Sarki Ya yi umarni a Suratul An'am, aya ta 11, da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen masu ƙaryatawa ya kasance, a Suratur Rum kuma, aya ta 9, Ya ambaci cewa waɗancan sun fi ƙarfi, sun nome ƙasa sun raya ta fiye da yadda na baya suka raya ta. Wanda ya tsaya a gindin babbar dalar Giza, wadda ta yi kimanin shekara 4,500 a tsaye, ya ga dutse guda ya kai masa ƙirji, ya fi mai karatu a zaure fahimtar wannan aya. Sahabbai sun buɗe Masar a ƙarƙashin Amru ɗan Asi wajen shekara ta 20 bayan Hijira, suka zauna a cikinta, kuma ba a ruwaito sun hana mutane kusantar dalolin ba. Mu ma nan ba mu taɓa jin malami ya haramta wa Bagobiri zuwa ganin kufan Birnin Lalle ba.

Hadisin da abokinka ya dogara da shi ingantacce ne, sai dai ya faɗaɗa shi fiye da inda ya tsaya. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa lokacin da Annabi (SAW) ya biyo ta Hijru, mazaunin Samudawa, a hanyarsa ta zuwa Tabuka a shekara ta 9 bayan Hijira, ya hana sahabbai shiga wurin waɗanda aka azabtar sai suna masu kuka, don kada abin da ya sami Samudawa ya same su, sannan ya lulluɓe kansa ya gaggauta tafiya har ya wuce kwarin. Ya kuma sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo daga rijiyoyin wurin, ƙullin da aka kwaɓa da shi aka bai wa raƙuma, aka koma ɗiba a rijiyar da taguwar Annabi Salihu take sha. Wannan hukunci ne na wurin da nassi ya tabbatar azaba ta sauka a cikinsa. Fir'aunan Annabi Musa kuwa a teku aka halaka shi tare da rundunarsa, ba a Giza ba, ba a Luksor ba, don haka ƙasar Masar ba ta ɗauki hukuncin Hijru ba. Saboda haka babu tuba a kanka game da shigar da ka yi.

Abin da nake tsorace maka a irin waɗannan wurare shi ne abin da ake aikatawa a cikinsu. A Karnak, wani tsohon haikalin Fir'aunoni da ke Luksor, kusa da tafkin da ke cikin haikalin, akwai wani mutum-mutumin buzuzu na dutse wanda 'yan yawon buɗe ido suke kewayawa suna ƙirga zagaye, wai don buƙata ta biya, kuma masu yi wa baƙi jagora sukan ce da mutum ya gwada ko da wasa ne. Wannan haramun ne ko da wasa aka yi shi, domin ɗawafi ibada ce da ba ta da wuri sai Ka'aba, neman biyan buƙata kuma ba a kai shi ga dutse. Haka nan shafar gini don neman albarka, ko tsinto ɗan dutse a zo da shi gida a matsayin laƙani. Idan ka yi ɗaya daga cikin waɗannan, to a nan ne istigfari ya wajaba.

Mada'in Salih kuwa, wadda ke kusa da garin Al-Ula a arewacin Madina, ita ce Hijru ɗin da hadisin ya ambata, kuma a nan maganar abokinka take da gurbi. Ba na ce maka shigarta haramun ce kai tsaye ba, tunda hadisin da kansa ya yi togaciya ga mai shiga yana kuka, amma sharaɗin yana da nauyi: mutum ya shiga da tsoron Allah, ya duba ya fita, kada ya shimfiɗa tabarma ya buɗe kwanon abinci, kada ya mai da wurin fagen raha da ɗaukar hoto ana dariya. Idan ka san ayarin da za ka bi na shaƙatawa ne, barin zuwan ya fi maka, Umrarka kuma ba ta rage komai ba.

Batun abinci ya fi sauƙi. Gurasa da wake da miyar lalo, wadda Misrawa ke kira mulukiya, da nono da zuma da 'ya'yan itace, duk halal ne daga hannun kowa, matuƙar ba a sa musu giya ko kitsen alade ba. Kifi ma haka yake, domin Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Nama ne kaɗai ke buƙatar a san hannun da ya yanka. A ƙauyen Musulmi ba a bincike, saboda hadisin Nana A'isha a Buhari, inda aka tambayi Annabi (SAW) game da naman da ba a sani ba ko an ambaci sunan Allah a kansa, ya ce su ambata su ci. Yankan Bayahude da Kirista kuma Allah Ya halatta shi a Suratul Ma'ida, aya ta 5, Annabi (SAW) da kansa ya ci naman akuyar da Bayahudiya ta kawo masa a Haibara. Malamanmu na Malikiyya sun sa sharaɗin kada ya yanka da sunan wanin Allah, kuma idan an san yana halatta cin mushe, to sai ya yanka a gaban Musulmi. Tantabarar da ka ci, idan yanka ta aka yi, halal ce. Idan da ka ga an murɗe mata wuya ne, da ta zama mushe ko a gidan wa aka dafa ta. Tunda ba ka ga haka ba, kada ka bar waswasi ya ɓata maka karamcin da mutumin ya yi maka.

Amma da yake ku 'yan kasuwar Maraɗi kuna yawan zuwa Sin saro kaya, ka sani hukuncin can ya bambanta, domin yankan wanda ba Musulmi ba kuma ba ma'abocin Littafi ba bai halatta ba, kuma bisimillarka a bakin kwano ba ta gyara shi. A can ka tsaya ga shinkafa da kifi da ƙwai da ganye, ka tambayi man da aka yi suya da shi, ko ka nemi gidan abincin Musulmin ƙasar. Idan tukunyar da ake dafa alade ce kaɗai ake da ita, hadisin Abu Sa'alaba ya nuna a wanke ta da ruwa sannan a yi girki a ciki.

Wallahu a'alam.