Pro V1, Chrome Soft ko TP5 a ƙasarmu mai tsakuwa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya wacce ƙwallon golf za ka sa a kawo maka daga Yaounde tsakanin Pro V1, Chrome Soft da TP5, kuma wacce ta fi ƙarko.

Duk ukun ɓawonsu na yuretan ne, roba mai taushi da ke kama fuskar sanda, shi ya sa ƙwallon ke juyi ta tsaya kusa da rami. Amma taushin nan shi ne rauninta a wurinmu. Da rani ƙasar Garwa ta bushe ƙamas, ga yashi ga tsakuwa. Na taɓa ɓare sabuwar ƙwallo kafin rami na huɗu, abin ya yi mini ciwo ƙwarai saboda kuɗinta.

Pro V1 ta kamfanin Titleist, wadda ta fito a 2000, hawa uku ce (wato shimfiɗa uku daga tsakiyarta zuwa ɓawo), tashinta matsakaici, kuma a hannuna ita ta fi jure karce. 'Yar'uwarta Pro V1x hawa huɗu ce, ta fi tauri da tashi sama, abin da ba na so idan iskar hunturu na kaɗawa. Chrome Soft ta fi laushi a bugun kusa da rami. TP5 hawa biyar ce, mai ƙarfin bugu ne zai ci moriyarta.

Shawarata, sayi dozin ɗaya na Pro V1 don ranar gasa a kan ciyawa. Atisaye kuwa yi shi da ƙwallo mai hawa biyu, mai ɓawon Surlyn, wata roba da ta fi yuretan tauri. Ta fi araha, kuma ta fi jure tsakuwa.