Tsohon mijina ya riƙe yarana bayan Sallah: ina mafita?

Malama, na karanta wasiƙarki, inda kika ce tsohon mijinki ya ɗauki yaranku biyu, namiji ɗan shekara 6 da mace 'yar shekara 4, da sunan za su yi Sallah a gidansa, sannan ya ƙi mayar da su, yana cewa 'ya'ya na uba ne.

Kotunan Shari'a a jihohinmu da mazhabar Malikiyya suke hukunci, kuma a wannan mazhaba riƙon yara bayan saki haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare a ɗakin mijinta. Uba shi ne waliyyinsu, kuma ci da sha da sutura da magani suna wuyansa, amma hakan bai ba shi ikon raba su da ke ba. Ko da kin auri wanda ba muharraminsu ba, riƙon ba hannun uban zai koma kai tsaye ba, domin mahaifiyarki tana gabansa.

Kada ki tura 'yan'uwanki su ƙwato yaran, don hakan yana iya mayar da mai gaskiya mai laifi. Ki fara da sulhu ta hannun manya ko Hisba, idan ya ci tura ki shigar da ƙara a kotun Shari'a, ki roƙi alƙali ya ba da umarnin wucin gadi a mayar miki da su kafin a gama shari'a. Ki tanadi takardar saki da shaidun da suka san a hannunki yaran suke zaune.

Abin da na fi so ki kula da shi shi ne lafazin hukuncin. Sau da yawa na ga an ce wa uba kawai "ya riƙa ganin yaransa", bayan wata biyu sai ga rigima ta dawo sabuwa. Ki nemi a rubuta ranakun ziyara, da wanda zai kai su ya dawo da su, da kuɗin ciyarwa na kowane wata, da sharaɗin kada a fitar da su daga gari sai da sanin ku biyun. Ko sulhu kuka yi, a kai shi gaban alƙali ya tabbatar da shi, domin ta haka ne kotu za ta iya tilasta wa wanda ya saɓa.

Idan hukunci bai gamsar da ke ba, kina iya ɗaukaka ƙara har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba hurumi a kan walicin yara, amma ki hanzarta, domin ɗaukaka ƙara yana da wa'adi.