Ta yaya ake sanin za a yi ambaliya tun damina ba ta faɗi ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomin shinkafa ne a fadamar Auyo, jihar Jigawa. Kusan duk shekara, tun ana zafin bazara, sai mu ji a rediyo wai ƙaramar hukumarmu na cikin waɗanda ambaliya za ta iya shafa, alhali ko yayyafi ba a yi ba. Wata shekarar ma a faɗa, ruwan bai zo ba. Shin wannan ba shiga gaibu ba ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ba gaibu ba ne. Kai ma idan hadari ya haɗo daga gabas kakan ce a kwashe shanya, ba kuma wanda ya taɓa kiranka boka. Su dai masu hasashen, nasu hadarin tun daga teku suke hango shi.

Hukumar yanayi ta NiMet ce ke fara aikin. Zafin saman ruwan tekun Atlantika da na Fasifik yana da hannu a ƙarfin iskar da ke kawo mana damina. Taurarin ɗan'adam na auna wannan zafin, a haɗa da lissafin ruwan saman shekaru masu yawa, a ba kwamfuta, ta fitar da yadda damina za ta iya kasancewa. Amma masanin yanayi bai san inda ruwa zai kwanta ba. Wannan aikin NIHSA ne, hukumar da ke lura da koguna, mai ma'aunai a wurare irin su Lokoja da Makurdi. Su ke ɗora hasashen a kan taswirar tudu da kwari. Sai NEMA, hukumar ba da agajin gaggawa, ta karɓa ta shirya agaji.

Abin da ya fi shafarka, ruwan da ke cinye shinkafarka yawanci ba a Auyo ya sauka ba. Daga ƙasar Kano yake gangarowa, ta madatsun Tiga da Challawa, ya iske ciyawar kachala ta toshe hanyoyin kogin Haɗeja, sai ya fantsama gonaki. Haka mutanen Binuwai ke kasa kunne ga madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda sakin ruwanta ya ƙara tsananta ambaliyar 2012 da ta 2022. Kenan sai masanin wata ƙasa ya ɗaga waya ya kira na wata.

Inda nake ganin an bar giɓi shi ne, hasashen da sunan ƙaramar hukuma ko na gari yake fita, bai san gonarka ba. Kuma kashedi ne na yiwuwa, shi ya sa wata shekarar ruwan ba ya zuwa. Tauraro ma ba ya ganin tsagewar da ke cikin bangon madatsa. Sai injiniya ya taka da ƙafarsa. Kowa ya ga abin da ya sami Maiduguri a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle.

Kakana yana da wata kuka da yake yi wa zane da wuƙa a inda ruwa ya tsaya kowace shekara. Muna yara dariya muke yi masa. Yau irin wannan alamar masu taswira ke nema a ƙauyuka don su gyara lissafinsu. Ku ma ku kafa sanda a bakin kogi, ku sa yaro ɗaya yana rubuta inda ruwa ya kai kullum da safe daga watan Yuli. Gonar da ke can cikin kwari kuwa, ka sa mata iri mai saurin nuna.