Tambaya da amsa: Wace na'ura ce ta fi dacewa da hango haske mai tsayin zangon milimita daga sararin samaniya?

Tambaya: Malam, ina nazarin na'urar TES (mai gano haske ta ɗan ɗumin da yake jawo mata) mai aiki da sufakondakta, wato sinadarin da lantarki ke ratsawa ba turjiya idan ya yi sanyi ƙwarai, don auna hasken da ya saura tun farkon halittar sararin samaniya. Lissafina ya ba ni NEP (ma'aunin hayaniyar na'ura, ƙaramar lamba ta fi kyau) wajen 10⁻¹⁷, ga shi wasu na shelar sun kai 10⁻¹⁹. Hankalina ya tashi. Aikina ya tashi a banza ke nan?

Amsa: Kwantar da hankalinka, ƙanena. Lissafinka yana kan hanya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan tseren ƙaramar lamba. Kullum sai wani ya zo da NEP ɗin da ya auna cikin duhu, a rufaffen akwatin sanyi, yana taƙama. To, a sama na'urar za ta buɗe ido ne. Hasken nan na farkon halitta mai zafin kelbin 2.7 (kelbin ma'aunin zafi ne da ke farawa daga matuƙar sanyi) ba ya zuwa a jere. Ƙwayoyinsa na zubowa ne barkatai, kuma wannan rashin tsari hayaniya ce da babu injiniyan da zai iya kawar da ita. A zangon milimita tana nan wajen 10⁻¹⁷ ɗin da ka samu. Da zarar hayaniyar na'urarka ta sauko ƙasa da ita, sauran ƙoƙarin ribarsa kaɗan ce.

Har ma da haɗari. TES na rataye ne a kan siraran ƙafafu da ke kwashe zafi zuwa wurin sanyi. Ka ƙara sirantar da su, hayaniya ta ragu, gaskiya ne, amma ƙarfin hasken da na'urar ke iya ɗauka ya fi saurin raguwa. Haske ya ɗan ƙaru, sai ta ɗumama ta fice daga gaɓar sufakondakta, ta makance. A nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya, inda ake ajiye irin waɗannan taurarin ɗan'adam, wa zai je ya gyara?

Masu neman 10⁻¹⁹ da dalilinsu: hasken infared mai nisa suke farauta, da madubin da aka sanyaya ƙwarai, irin wanda aka shirya wa tauraron ɗan'adam SPICA kafin a soke shirin a 2020. Madubin tauraron ɗan'adam Herschel kuwa ya kasance wajen kelbin 80, hasken da shi kansa yake fitarwa ya danne abin da ake nema.

Ga wata matsala da akwatin gwaji ke ɓoyewa. Tauraron ɗan'adam Planck, da aka harba a 2009, ya riƙe wasu na'urorinsa a kelbin 0.1 (ba sufakondakta ba ne su), amma ƙwayoyin kosmik, masu ƙarfi da ke yawo a sararin samaniya, suka yi ta dukansu, har aka zubar da wani kaso na bayanan.

Don haka LiteBIRD, tauraron ɗan'adam da Japan ke shirin harbawa, ya dogara da yawan na'urori, dubban TES a kelbin 0.1. Na'ura huɗu masu daidaito suna rage hayaniya zuwa rabi. Koma ka lissafa hasken da madubi da matatu za su zubo wa taka, ka bar mata rarar ninki biyu zuwa uku kafin ta cika.