Filin Girki: Amsoshin Tambayoyinku kan Kek ɗin Tuffa

Yawancin wasiƙun wannan karon kan kek ɗin tuffa suka zo, daga unguwannin Nima, Mamobi, Madina da Sabon Zango na Accra. Koke-koken sun bambanta, amma kusan duka tushensu ɗaya ne: tuffa wajen kashi 85 cikin 100 nata ruwa ne, kuma ruwan nan a cikin kwaɓi yake fita idan ta ji wuta.

Assalamu alaikum Hajiya. Ni amarya ce a Mamobi, ina so in yi wa maigida kek ɗin tuffa amma ba ni da sikeli. Wane ma'auni zan bi, kuma wace tuffa zan saya?

Wa alaikumus salam amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Ga ma'aunin gwangwanin gashi mai faɗin santimita 22 ko 23: fulawa giram 250, bota giram 170, sukari giram 170, ƙwai 3, bekin fauda cokalin shayi 2, garin kirfa cokalin shayi 1, gishiri rabin cokalin shayi, madara babban cokali 4, da tuffa 3 madaidaita. Tunda babu sikeli, ƙaramin gwangwanin madarar Ideal zai fisshe ki. Fulawa kamar cikinsa uku ne, a shafe baki ba a danna ba, sukari kuma cikinsa ɗaya da kwata. Bota kuwa ki raba kunshin giram 250 gida uku ki ɗauki biyu. Blue Band ma yana yi, sai dai ki rage gishiri don akwai shi a ciki.

A wajen mai fulawa ki ce ta kek kike so, mai laushi, ba ta burodi ba. Ta burodi tana da danƙo, kek ɗin sai ya fito da tauri.

Tuffar da ake sayarwa a kasuwar Makola da bakin titi shigo da ita ake yi, mafi yawa daga Afirka ta Kudu. Ki nemi koriyar nan mai tsami, Granny Smith. Ita ce ba ta narkewa a wuta, kuma tsaminta ne ke sa a ji ɗanɗanon tuffa a cikin zaƙin kek. Ja irin su Royal Gala sun fi daɗin ci a hannu, amma a gashi laushi suke yi su sake ruwa. Idan su kika samu, ki rage sukari da babban cokali biyu. Wadda kika danna da yatsa ta lotsa, ko fatarta ta yamutse, ki bar wa mai ita.

Ki fere, ki cire tsakiyar mai 'ya'ya, ki yanka ƙanana kamar santimita ɗaya, ki matsa musu rabin lemun tsami don kada su yi duhu. Ki buga bota da sukari har su yi fari su yi sauƙi: da na'ura minti 4 zuwa 5, da muciya kuwa sai kin kai minti 10. Nan ne iskar da za ta tayar da kek take shiga, kada ki yi gaggawa. Ki fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ɓace kafin na gaba. Ki tankaɗe fulawa tare da bekin fauda, kirfa da gishiri, ki zuba sau biyu ko uku, madarar a tsakani. Daga shigar fulawa bugu ya ƙare, juyawa kawai ake yi a hankali har farin gari ya ɓace. Tuffa ce ƙarshen shiga. A gasa a digiri 180, wato lamba 4 a obin na gas, minti 45 zuwa 55.

Hajiya, duk lokacin da na yi, tuffar sai ta taru a ƙasa, gindin kek ɗin ya caɓe. Na ce ko fulawar ce ba ta da kyau? Daga wata uwargida a Nima.

'Yar'uwa, ki wanke fulawa daga zargi, kwaɓinki ne ya yi ruwa. Matan da suka saba da kek ɗin biki, wanda ake tsiyaya kwaɓinsa a gwangwani, su ne suka fi faɗawa wannan. Kwaɓin kek ɗin tuffa dole ya yi kauri, ki ɗebo da cokali ya tsaya sai kin girgiza ya faɗi. Za ki ga kamar ya bushe da yawa, zuciyarki ta ce ki ƙara madara. Kada ki ƙara. Tuffar za ta ba shi sauran ruwan a cikin wuta.

Sai girman yanka. Babban yanki nauyi gare shi, kafin kwaɓi ya kama jikinsa ya riga ya nutse. Bayan lemun tsami, ki tsane yankakkiyar tuffar da tsumma mai tsabta, ki ɗebi babban cokali ɗaya daga fulawar da kika auna ki barbaɗe ta. Wannan yana taimakawa, amma ba ya gyara kwaɓin da ya riga ya yi ruwa. Dabarar da ta fi aiki ita ce ki fara shimfiɗa kwaɓi zalla, kaurin yatsa, a gindin gwangwani, sannan ki zuba mai tuffar a kai.

Abu biyu kuma da ke jawo caɓewa: zuba wa tuffa sukari a ajiye ta, domin sukari janyo ruwanta yake yi, da kuma barin kwaɓin da aka gama haɗawa yana jiran obin ya yi zafi. Ki kunna wuta minti 15 kafin ki gama haɗi. Idan goga tuffar kike yi a magogi, to sai kin matse ruwan da hannu tukuna.

Anti, nawa samansa ƙonewa yake yi, tsakiya kuma ɗanye, in na fito da shi sai ya lotsa. Ɗaliba daga Madina.

Ƙanwata, wutarki ta yi yawa. Kek mai 'ya'yan itace ya fi kek zalla daɗewa a wuta, saboda zafi sai ya ratsa ruwan tuffa kafin tsakiya ta nuna. Ƙananan obin na gas da yawa sun fi abin da lambarsu ta nuna zafi, don haka ki sauke zuwa 165 ko 170, ki ƙara minti 10. Ki sa gwangwani a tsakiyar obin. Idan sama ya yi ja a minti na 30, ki ɗora takardar foyil a kai sakwa-sakwa, ki ci gaba. Kafin minti 30 ɗin nan kada ki buɗe ƙofa. Iska mai sanyi na shiga, abin da ya taso bai kama jiki ba sai ya koma.

Wajen gwaji da tsinke ma akwai kuskure. In tsinken ya soki tuffa zai fito da danshi ko da kek ya nuna, in kuma gefe kika soka zai fito a bushe alhali tsakiya da saura. Ki soka wuri biyu ko uku a tsakiya. Ɗanyen kwaɓi ne abin gudu, ba danshi ba.

Ki kuma duba bekin faudarki. Danshin Accra, musamman da damina, yana kashe ta tun tana gwangwani. Ki zuba rabin cokalin shayi a ruwan zafi: in ta yi kumfa nan take tana da rai, in ta kwanta shiru ki sayi sabuwa. Ƙara ta fiye da ƙima ba magani ba ne, kek zai kumbura da sauri ya rushe, ya kuma yi ɗaci.

Hajiya, ni obin ɗina na lantarki ne, dumso, wato ɗauke wutar lantarki, ya sha katse mini gashi. Zai yiwu a kan kurfoti? Daga Sabon Zango.

Zai yiwu sosai, Hajiya, kuma in an iya wutar yana fitowa da kyau. Ki samu babbar tukunyar ƙarfe mai kauri da murfin ƙarfe, ba na gilashi ba. Ki zuba wankakken yashi busasshe kamar santimita 3, ki rufe ki bar shi a wuta minti 15. Ki kafa duwatsu uku ƙanana a kan yashin, gwangwanin kek ya zauna a kansu, kada ya taɓa yashi ko jikin tukunya.

Sirrin yana wajen rabon garwashi: kaɗan a ƙasa, mafi yawa a kan murfi, kamar kashi ɗaya ƙasa kashi biyu sama. Wutar ƙasa ita ke ƙona gindi, ta sama kuma ita ke gasa fuska, ta kuma hana tururin tuffa taruwa a murfi ya ɗiga a kan kek. Garwashin da ya gama ci ya yi toka-toka ake so, ba gawayin da ke hayaƙi ba. Duk minti 15 ki juya tukunyar kaɗan ba tare da kin buɗe ba, ki ƙara garwashi biyu ko uku a sama.

A tukunya, kek mai zurfi wahala yake ba da wa. Ki raba kwaɓin gida biyu, ko ki yi amfani da gwangwani mai rami a tsakiya. In ba ki da shi, ki wanke gwangwanin madara, ki cire takardarsa, ki shafe bayansa da bota, ki sa dutse a ciki ki kafa shi a tsakiya. Zafi zai shiga ta nan, ɗanyen tsakiya ya kau. Ki ba shi minti 50 zuwa awa ɗaya.

An ce ruwan banila akwai barasa a ciki. Dole ne sai da shi?

Da yawa daga cikinsu da barasa ake haɗa su, kuma ana rubutawa a jikin kwalba, sai ki karanta. Akwai garin banila da ba shi da ita. Wannan kek ɗin ma bai buƙace shi ba: kirfa, ɗan gogaggen gyaɗar ƙamshi kamar kwatan cokalin shayi, da gogaggen bawon lemun tsami sun wadatar. Kanumfari in za ki sa, ɗan mitsitsi, don yana danne ƙamshin tuffa.

Hajiya, muna da suna ranar Lahadi, ina so in gasa tun Laraba. Zai kai?

Allah ya raya, amma a waje ba zai kai ba. Danshin da ke sa shi daɗi shi ne ke jawo masa fumfuna, kuma a zafin garin nan kwana biyu ne iyakarsa a kan tebur. Ki gasa ranar Asabar da yamma. Kwana ɗaya ma ƙara masa daɗi yake yi, kirfar ta ratsa shi. In aiki ya yi yawa dole sai Laraba, ki bar shi minti 15 a gwangwani, ki juye a kan raga ya huce sarai, sannan ki naɗe shi da leda ki sa a firiza, ki fito da shi daren Asabar ya saki a cikin ledarsa. A firji yana kwana huɗu, amma sanyi na sa botar ta daskare, sai ki fito da shi awa ɗaya kafin a ci. Kada ki ƙulle shi a leda da ɗuminsa, kuma kada ki yayyanka sai safiyar sunan, don yankakke ya fi saurin bushewa ta gefe.