Kai yara kallon fitilun ƙarshen shekara a Landan

Hajiya, kin tambaya ko ki kai yara kallon fitilun da ake ƙawata lambunan Landan da su, tunda bana kuka fara zama a Ingila. Ki kai su, wallahi za su ji daɗi.

Ni na Kew Gardens na fi so. Daga tsakiyar Nuwamba ake kunna su har farkon Janairu. A ƙafa ake zagayawa cikin bishiyoyi, in da ƙananan yara ki ware awa biyu. Babban ɗakin gilashin nan na shuke-shuke ma ana haska shi, hasken yana sauka a kan tafkin da ke gabansa. Autata ƙin barin wurin ta yi sai da na ɗauke ta cak.

Ki sayi tikiti ta intanet da wuri, don na Asabar da Lahadi ba sa daɗewa. A Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4, sai ku yi Magariba a gida ku fito. Jirgin ƙasa na layin District yana tsayawa a tashar Kew Gardens.

Sanyin dare kuwa ya fi hunturun Kano nesa ba kusa ba. Ki haɗa musu safar hannu da hula da takalmi mai kauri.